Muryar Ruƙayyatu

An yi sadakar arba'in ɗin Ruƙayyatu ranar Alhamis, a gidan uwarta, cikin wani ƙauye na ƙasar Kurawa wanda mai ƙafa zai iya barinsa da hantsi ya sha ruwa a Nijar kafin azahar. Ba a toya masar sadaka ba. Gumba aka yi, ita ma 'yar kaɗan, domin shekara ta biyu ke nan damina tana yi wa Gobir rowa. Ruwa ya sauka sau uku a farko, mutane suka zuba iri, gero ya kai gwiwa, daga nan sama ta kau da kai kamar wadda aka yi wa laifi ba a ba ta haƙuri ba. Malamai suka yi addu'a aka shafa, kowa ya ɗaga ido sama kafin ya nemi takalminsa.

Mijinta Kalilu ya zo daga Sakkwato tun ran Laraba, da riga biyu da jakar laftof. Jakar ba ta rabuwa da shi, ko gaisuwar mutuwa za shi. Shi ne mai kula da rumbun bayanai na wata ƙungiya da ke raba hatsin agaji a ƙasar Isa da Sabon Birni. Sunan kowane gida da ke karɓar buhu, da hoton mai gidan, da yawan bakunan da yake ciyarwa, duk suna cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba. Sabar ba a ofis take ba. Haya aka yi ta a wani gini a Legas wanda Kalilu bai taɓa gani ba, ba ya kuma marmarin gani. Daga nesa yake shigarta: ya buɗe laftof, ya kira wani baƙin allo wanda babu ko hoto ɗaya a kansa, ya rubuta layi guda, sabar ta nemi makulli. Makullin ba ƙarfe ba ne, ɗan fayil ne da ke cikin laftof ɗinsa, nasa kaɗai. Shekara shida, kowace safiya kafin ya sha shayi, yakan shiga ya duba ko kwafin ajiya na jiya ya kammala, ya duba ko wuri ya kusa cika, sannan ya karanta littafin da sabar ke rubuta duk abin da ta aikata. Ba a taɓa kama shi da sakaci ba. Mutane irinsa ba a cika son su a ofis ba, amma ana barci da kyau saboda su.

A wannan ƙungiyar ya haɗu da Ruƙayyatu. Ita mai rajista ce, tana bin ƙauyuka da waya da littafi. Da yake yawancin mutanen ba sa sa hannu, ƙa'ida ita ce a ɗauki muryarsu: mai rajista ta karanta tambaya, mutum ya faɗi sunansa ya ce ya yarda, a tura maganar saba. Bana ba a yi sabuwar rajista ba, rabo kawai ake yi, a cikin yawonsa ta sha ruwan wata rijiya da ta kusa ƙafewa. Kwana biyu ta yi tana amai da gudawa, rana ta uku aka rufe ta.

Da safiyar Juma'a surukarsa Inno ta aiko a kira shi. Ya zo ya tuɓe takalmi tun daga bakin zana, ya durƙusa a gefen ƙofar ɗakinta, ita tana ciki bayan asabari. Shekara huɗu da auren, bai taɓa ganin fuskarta gaba da gaba ba. Bawa, ƙanen Ruƙayyatu, magidanci mai 'ya'ya uku da babur ɗin haya, ya zauna kan turmi a tsakaninsu kamar tafinta, alhali su ukun Hausa ɗaya suke ji.

"Bawa, tambaya mani shi," in ji Inno. "Wai gaskiya na, maganar da wagga yarinya tad ɗauka cikin waya bara, tana nan aje?"

Ruƙayyatu ɗiyar fari ce, don haka uwar ba ta kama sunanta, da rai ko babu.

"Ka jiya, Injiniya," in ji Bawa. "Kunnenka dai ba Sakkwato kab baro shi ba."

"Ana aje su, Inna," in ji Kalilu.

"To. Ta zo nan da rigar aiki ta zauna gabana awa baƙuwa. Wai in faɗi sunana. Nic ce, ke ba ki san shi ba? Tac ce doka ta. Nif faɗi. Wai kuma in faɗi sunan mai gida. Nic ce, wanga kam sai dai dokar ta kwana da yunwa. Sai tay yi ta dariya, tay yi ta dariya, har wayar ta faɗa cikin ƙwarya." Ana jin motsin tasbaha. "Ni ban taɓa sakewa da ita ba, ka san halin ɗan fari. Ran nan ɗai. Dariyar nan nika son ji, ko sau guda. In babu wahala."

Kalilu ba shi da muryar matarsa a ko'ina. Ba ta aika saƙon murya. Takan ce mai magana da waya shi kaɗai bai da maraba da mahaukacin kasuwa. Kalma uku take rubutowa, in ba ta isa ba ta kira. Tun rasuwarta ya san cewa muryarta tana cikin saba, sau dubbai, a bakin kowace tambaya, amma bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Na farko, ba nasa ba ne, maganar mutane ce da suka ba da amana. Na biyu, tsoro yake ji. Yakan ce wa kansa tana nan, ba inda za ta.

Yana durƙushe a nan sai lissafin kwanaki ya faɗo masa. Ƙa'idar ƙungiya ita ce murya ba ta wuce shekara ɗaya bayan rufe rajista, sai a share. Rajistar bara an rufe ta a irin wannan makon. Shi da hannunsa, wata biyar da suka wuce, matarsa tana ɗaki tana guga, ya rubuta umarnin sharewa ya ɗaura shi a kan lokaci, yadda zai tashi da kansa ko da kowa yana barci. Ya zaɓi ranar Juma'a, ƙarfe biyu na rana, sa'ad da kowa yana masallaci ba mai taɓa saba. Kuma da yake shi ba mai rabin aiki ba ne, ya sa umarnin ya bi har cikin kwafin ajiya ya share can ma. Juma'ar kuwa ita ce yau.

"Tana nan, Inna," ya ce. "Za ni kawo maki ita."

"Allah shi yi albarka."

Layin Najeriya ba ya zuwa ƙauyen. Akwai wani tudu bayan gari, mai kuka ɗaya, inda rezon Nijar, wato sabis ɗin wayarsu, ke kamawa, nan mutane ke hawa su kira 'yan'uwansu da suka tafi neman abinci Kudu. Sun tarar da mata biyu da wani tsoho kowa ya ɗaga waya sama kamar mai roƙo. Bawa ya ba shi wayarsa mai layin Nijar, Kalilu ya haɗa ta da laftof, ya zauna a gindin kukar ya kira baƙin allo. Aikin bai fi layi biyu ba: ya shiga, ya dakatar da umarnin, sauran a yi a hankali.

Ya rubuta layin shiga. Ɗan farin digon da ke kan allo ya yi ta ƙiftawa. Bayan minti guda aka ce ba a samu amsa ba. Ya sake, aka maimaita masa.

"Rezo na?" in ji Bawa. "Tashi ka koma can gefen, wurin tsohon. Nan ta fi ƙarfi."

"Ba rezo ba na."

Ya riga ya gane. Shekara biyu da suka wuce ya ga wasu daga ƙasashen waje suna ta gwada ƙofar sabar dare da rana, sai ya gina mata katanga: duk wanda ya zo ta layin da ba na Najeriya ba, kada ma a amsa masa sallama. Ya yi alfahari da katangar, har ya yi wa shugabanni bayani cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga shi yanzu zaune a ƙasar Najeriya, a garin matarsa, yana hango rufin ɗakin da aka haife ta, amma a wurin sabar baƙo ne daga wata ƙasa.

Ya kira Lawwali, mataimakinsa a ofis, mutum mai furfura a gemu wanda ya girme shi da shekara biyu.

"Oga, ya ƙarin haƙuri? Wagga wace lamba ta, ko ka yi hijira?"

"Lawwali, kana ofis?"

"Ina ciki, ni da fanka."

"Akwai umarnin share muryoyi da za shi tashi ƙarfe biyu. Ina son a tsai da shi."

"To tsai da shi mana."

"Katanga ta hana ni. Layin Nijar nika kai."

Lawwali ya yi dariya gajera, sannan ya haɗiye ta. "Mai gida a waje, ƙofa a rufe. To ni mi za ni yi? Ka san ni ɗan kallo na. Sunaye ɗai nika gani, ko waƙafi ban iya taɓawa."

Gaskiya ya faɗa. Shekara uku da suka wuce Lawwali ya yi kuskure ya share rabin sunayen mutanen garin Tozai. An dawo da su daga kwafin ajiya cikin awa ɗaya, babu wanda ya rasa ko tiya, amma Kalilu ya karɓe makullinsa tun ran nan, bai mayar ba. Lawwali bai taɓa roƙo ba.

"Oga, ga shawara. Tunda kana da data, turo mani makullinka ta Wasaf, ka faɗa mani kalmar sirri. Minti biyu na tsai da shi. In ka dawo ka canza makulli, ka zage ni, duk ɗaya."

"Makulli ba shi bin waya."

"Yau ɗai."

"Duk ɓarnar da kas sani, da yau ɗai anka fara ta. Gida dubu nawa ag ga sabar nan?"

"Ni ɗin dai na, Malam Kalilu. Ba ɓarawo ba." Sai ya sassauta murya. "Muryar marigayiya ta, ko?"

Kalilu ya dubi agogo, goma da minti goma. Eriyar Sabon Birni ta yi mako uku a mace, kowa ya sani, amma Isa akwai sabis, kuma Isa awa biyu ce a babur ko da an bi a hankali. Ya lissafa, ya ga har da rara.

"Bar shi. Za ni Isa in yi da kaina."

"Hanya ba ta da alkawari, Oga."

"Na gode."

Akwai irin mutumin da ya fi yarda da hanyar daji da tsohon babur a kan abokin aikin da suka ci tuwo kwano ɗaya shekara shida. In ka tambaye shi zai ce amana yake tsarewa, kuma ba ƙarya yake yi ba, rabin gaskiyar dai ya faɗa.

Suka kama hanya, Bawa yana tuƙi, Kalilu a baya ya rungume jaka. Gonaki hagu da dama, gero ya naɗe ganye ya yi launin toka, wani wurin ma an riga an saki awaki a ciki. A gulbi babu ruwa, mata sun haƙa ramuka cikin yashi suna kwasar abin da ya taru da ƙoƙo. Bawa mutum ne da ba ya iya shiru.

"Injiniya, wai ita sabar nan, in kag gan ta kana gane ta?"

"A'a."

"Ikon Allah. Shekara shida kana kiwon saniyar da ba ka san launinta ba. Yaya ta faɗa mani, wai ko ran ɗaurin aurenku sai da kad duba ta kafin ka sa hula."

"Tac ce haka?"

"Har cewa tay yi in tana son ka saurare ta, sai dai ta koma baƙin allo." Ya ji jikin Kalilu ya sandare a bayansa, sai ya ƙara mai ya bar zancen.

Sun wuce Sabon Birni sha ɗaya da kwata. Kalilu ya duba wayarsa, babu ko sanda ɗaya ta sabis. Sha biyu ta gota kaɗan, a wani yashi da ke tsakanin ƙauyuka biyu, tayar baya ta yi tsaki ta kwanta. Ƙaya ce, doguwa, ta aduwa. Suka tura babur zuwa ƙauyen da ke gaba, suka tarar da rumfar mai faci a rufe, famfonsa ɗaure da sarƙa. Garin shiru sai kaji. Wata tsohuwa da ke tsinke yakuwa a bakin zaure ta ce duk maza sun tafi garin Juma'a, wai in an sauko za a zarce fili roƙon ruwa, har da yara da dabbobi.

"Yaushe za su dawo, Iya?" in ji Bawa.

"In Allah Ya amsa, da gudu. In bai amsa ba, sai la'asar."

A nan Kalilu ya sauko daga taurin kansa. Ya karɓi wayar Bawa, ya riƙe tasa a ɗaya hannun, ya hau wata tsohuwar katanga ya ɗaga su sama. Da a ce sanda ɗaya ta fito a lokacin, da ya tura wa Lawwali makullin da kalmar sirrin, har da ban haƙuri na shekara uku. Amma sun yi nisa da Nijar, ba su kuma kusa da Isa ba. Wayoyin biyu suka dube shi ba su ce komai ba.

Suka ci gaba da turawa cikin rana. Takalmin Kalilu na ofis ne, yashi ya cika shi. Wajen ɗaya da rabi wani mai amalanken shanu da ya ɗauko jarkokin ruwa babu komai a ciki ya tsaya musu, aka ɗora babur, suka zauna kan jarkoki. Shanun ƙasusuwa ne da fata. Mai amalanken ya ce ba zai buge su ba ko gwamna ya ɗauko, domin rabonsu da ƙoshi tun kafin azumi. Kalilu bai ce a buge su ba. Ya zuba wa agogonsa ido yana kallon biyu saura kwata, biyu saura biyar, har dogon hannun ya hau sha biyu ya wuce. A lokacin ana hango bishiyoyin Isa daga nesa.

Biyu da minti ashirin da biyar wayarsa ta fara rawa a aljihu, saƙonnin kwana uku suna shigowa a jere. Sabis cike, sanda huɗu. Aka sauke su a bakin gari kusa da wata bishiyar dogon yaro.

"To buɗe mu gani," in ji Bawa.

"An gama."

"Buɗe dai. Wa ya sani ko abin ya makara? Komi na ƙasar ga makara shikai."

"Ni nir rubuta shi, Bawa. Ba shi makara."

Ya faɗi haka ba da fushi ba, da irin muryar da likita ke sallamar dangi. Bawa ya dube shi, ya ga ba wurin wasa, sai ya ja babur ya nufi wurin masu faci.

Kalilu ya sayi ruwan leda biyu ya yi alwala, ya shimfiɗa rawanin da Bawa ya bari ya yi azahar, tunda Juma'a ta wuce su a hanya. Sannan ya zauna ya jingina da bishiyar, jakar a kan cinyarsa, hannuwansa biyu a kanta. Mutane suna dawowa daga masallaci, wasu sun juya rigunansu bai-bai saboda roƙon ruwa ba su tuna sun gyara ba. Sama fes take, ko gajimaren kunya babu.

Ya yi ƙoƙarin tuna yadda take magana. Kalmomin suna nan: yadda take cewa ya tashi abinci zai huce, yadda take kiran sunan unguwarsu ga mai adaidaita. Amma sautin ba ya zuwa. Duk abin da ya tuna, da muryarsa shi yake jin sa, kamar mai karanta wasiƙar wani. Kwana arba'in da ɗaya kacal. Ya zauna yana wannan aikin banza, wani mai rake ya zo ya tsaya ya gaji ya wuce, inuwa ta matsa ta bar ƙafarsa a rana bai janye ba.

Uku ta wuce da minti ashirin sa'ad da ya zuge jakar. Ba don yana sa rai ba. Ɗabi'a ce kawai: duk umarnin da ya tashi, sai ya karanta littafin saba ya ga yadda ya ƙare. Ya haɗa waya, ya kira baƙin allo, ya rubuta layin. Kafin ya ɗaga yatsa ƙofa ta buɗe.

Littafin ya ce umarni ya tashi ƙarfe biyu daidai, ya ƙare biyu da minti huɗu, an share muryoyi duka, an share kwafinsu, babu kuskure ko ɗaya. Ya gyaɗa kai. Har zai rufe sai idonsa ya faɗa kan layin farko na allon, inda sabar ke gaishe da mai shiga ta faɗa masa lokaci. Ta ce yanzu ƙarfe biyu da minti ashirin da biyu. Ya dubi agogon hannunsa. Uku da minti ashirin da biyu.

Saba ba ta bin agogon gari. Masu hayar irin waɗannan na'urori suna saita su a kan agogon duniya, wanda yake bayan na Najeriya da awa ɗaya cif. Kalilu ya san wannan kamar yadda ya san sunansa. Shi ya koya wa Lawwali, har ya taɓa yi masa faɗa a kai. Ranar da ya ɗaura umarnin ya rubuta biyu yana nufin biyun masallaci, sabar kuwa ta riƙe biyunta. Wato abin bai tashi ba sai ƙarfe uku na Isa. Minti talatin da biyar ya yi zaune a gindin bishiyar nan, da sabis cike, da makulli a kan cinyarsa, muryar tana nan ba abin da ya taɓa ta, shi kuwa yana zaman makokinta.

Ya shiga inda muryoyin suke, wurin wayam. Ya shiga kwafin jiya, da na shekaranjiya, da na makon jiya. Ya gwada dabarun da ya san ba za su yi ba, domin shi ya toshe su ɗaya bayan ɗaya wata biyar da suka wuce. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Da wani ne ya yi shi, da ya yaba masa.

Wayarsa ta yi ƙara, Lawwali ne. Ya bar ta har ta gaji.

Bawa ya dawo da babur yana ƙugi, ya tarar da shi laftof a buɗe.

"Ka dai buɗe ƙarshe. Ya?"

Kalilu ya faɗa masa. Bai rage komai ba, ya yi masa bayanin agogon biyu a hankali har ya tabbata ya gane. Bawa ya kashe babur. Ya daɗe yana kallon tayar da aka yi wa faci.

"Lokacin da nic ce ka buɗe," ya ce, "tana nan ke nan."

"Tana nan."

Bawa ya share fuska da hannun riga. Bai yi zagi ba, bai kuma ce Allah Ya ƙaddara ba, wanda shi ne abin da Kalilu ya fi tsoron ji. Ya tada babur ya ce, "Hau. Kada magariba ta same mu ga hanya."

Suka iso ƙauye da yamma lis. Rana tana gab da faɗuwa, mata suna dawowa daga gulbi da rabin tulu. Kalilu ya tuɓe takalmi a bakin zana ya durƙusa inda ya durƙusa da safe. A hanya ya shirya abin da zai faɗa, gaskiya tsantsa, daga katanga har agogo. Ya buɗe baki ke nan Bawa ya riga shi.

"Inno, ƙaya tat tsai da mu. Kafin mu kai Isa lokaci ya wuce, na'urar ta share. Har amalanke munka hau."

Kalilu ya dubi Bawa, Bawa yana kallon ƙasa, haƙoransa a cije. Maganar tana bakin Kalilu, ba wanda ya riƙe masa harshe, ya bar ta ta koma.

"To," in ji Inno. "Allah bai nufa ba. Kun sha rana saboda maganar tsohuwa. Bawa, ce mai Allah shi biya shi, ya yi abin da ɗa ka yi."

"Ya jiya."

"Tambaya mani shi kuma. Shi ya taɓa saurarenta? Wagga magana tawa da ita?"

"A'a, Inna," in ji Kalilu. "Ban taɓa buɗe ta ba."

"Ashe." Tasbaha ta motsa, ta tsaya. "To ni ɗai nij ji dariyar nan ke nan."

Ta kira matar Bawa ta ce a kawo wa baƙo ruwa, na randar ciki, wanda ya kwanta. Aka kawo a kwanon sha aka ajiye gabansa. Yana nan durƙushe har aka kira salla, bai ɗauka ba, ba kuma wanda ya ce masa ya tashi.